Kujerar da ke Daidai Kan Eduviges

Motar na ƙofar gida, injinta na kaɗawa, lokacin da Tránsito ta fito daga rumbun masara riƙe da bindiga, hannayenta duk ƙasa. Shekararta sittin da bakwai, ƙafa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, amma direban na ganinta ya kashe mota ba tare da an ce masa uffan ba.

"Malama Tránsito, kin haukace ne?" in ji Nicolasa, ƙanwar Eduviges, wadda ta taso daga San Salvador da safe don ta kai yayarta asibiti. "Ni za ki nuna wa bindiga?"

"Ban nuna miki ba. Riƙe ta kawai na yi."

Tun da aka gama yaƙin basasa aka karɓe makamai, wannan bindigar tana binne cikin leda. A daji Tránsito da Eduviges suka haɗu, suna 'yan mata cikin mayaƙan sunƙuru. Da aka raba filaye suka zaɓi biyu a jere, kowacce ta gina ɗakinta, suka ja shinge a tsakani saboda bakin mutane. Shingen nan ko kaza bai taɓa tsarewa ba, balle Tránsito. Duk ƙauyen an san abin da ke tsakaninsu, ba kuwa wanda ya taɓa furtawa. Maƙwabta ake ce musu, su ma haka suke ce wa kansu.

Likita ya riga ya faɗa, ciwon ya cinye hantar Eduviges, kwanaki suka rage. A asibitin birni kuwa dangi kaɗai ake bari su zauna da majinyaci. Tránsito ta san muddin motar nan ta gangara tudu, ba ta ƙara ganin Eduviges da rai. Tsoro ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da jirage suka yi musu ruwan wuta.

"Na gode da ɗawainiya, Allah ya saka," in ji Nicolasa. "Amma ke maƙwabciya ce. Ni ce jininta."

Daga cikin ragar kwanciya da aka ɗaura a baranda, Eduviges ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari, ta kira Tránsito da sunan wasa.

"Tancho, ajiye wannan tsatsar kafin ta fashe miki a fuska. Ko a yaƙi yaushe kika iya saiti?"

"To wa ya kayar da sojan da ya biyo ki bakin rafi?"

"Bishiya kika harba, reshe ya faɗo masa."

Tránsito ta sauke bakin bindigar ƙasa. Ta jingine ta a jikin ginshiƙi.

Eduviges ta yafito ƙanwarta, wadda a gida ake kira Colacha. Nicolasa ta durƙusa ta kama hannun da ya koma ƙashi zalla.

"Kin san tabon nan na cinyata? Kwamanda ya ce a bar ni a hanya da gurneti a hannu. Matar nan ta goya ni kwana huɗu, da bindigogi biyu a wuya." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ba maƙwabciyata ba ce, Colacha. Matata ce, shekara arba'in da ɗaya. Na so in gaya wa Mamá, na kasa. Harsashi bai ba ni tsoro ba, amma fuskar Mamá ta ba ni. Kada ki raba ni da ita."

Nicolasa ta daɗe a durƙushe. Can ta miƙe, ta je ta sauke jakar da ta riga ta sa a mota, ta sallami direban. Kwana biyu tana gidan, ba ta ce wa Tránsito ko sannu ba.

Rana ta uku da tsakar rana, Tránsito na jiƙa mata leɓe da tsumman da ta tsoma a kofi, Eduviges ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, ba ta sake jan wani ba.

Kafin la'asar an shimfiɗe ta a akwati tsakar ɗaki, kyandirori huɗu na ci. Mutane suka fara hawowa da burodi da furanni. Daidai kan mamaciya aka ajiye kujera guda, wadda miji ko mata ke zama a kai su karɓi gaisuwa. In babu su, sai ɗan'uwa mafi kusa. Tránsito ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu ta shiga madafa cikin matan unguwa, tana naɗe ƙullin masara a ganyen ayaba, aikin da maƙwabta ke yi a gidan rasuwa.

Sai ta ji hannu a bayanta yana kwance mata ƙyallen. Nicolasa ce, idanunta jawur. Ta ɗebo ruwa ta wanke wa Tránsito hannu da kanta, ta ja ta suka ratsa ɗakin da ya yi tsit, ta zaunar da ita a kujerar, ita kuma ta koma gefe ta tsaya.

Wani dattijo da ake kira Don Isabel, tsohon mayaƙi mai hannu ɗaya, shi ne na farko a layi. Ya soke hularsa a hammata, ya sunkuya, ya miƙa wa Tránsito hannun da ya rage masa.