Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Babana ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwana a tanti cikin daji, maciji bai sare shi ba, kura ba ta ɗauke shi ba. Amma 'yan watanni a gidana, a hawa na uku, kan katifar da na zaɓo masa da hannuna, sai ga mutum yana neman ƙarewa.

Malamin daji ne kafin ya yi ritaya. Aikinsu su shiga gandu su duba itatuwa, su ware waɗanda suka isa sara da waɗanda za a bari. Wanda za a sare sai a gitta masa jan fenti. Ina yarinya duk hutu nakan bi shi, ni ce mai riƙon gwangwanin. Shi ya zana na sama daidai ƙirjinsa, ni da nake guntuwa in tsuguna in ɗiga wani a gindin, don ko an kayar da itacen, kututturen ya nuna da izini aka sare shi. A can ya raɗa mini suna Barkono, wai ko tururuwa ce ta hau ƙafata sai na tsaya na yi mata faɗa. Har yau da furfurata haka yake kirana, kuma ban ce ya yi mini ƙarya ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu gwiwa ta fara damunsa, ga hawan jini, sai na ɗauko shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake yi. Na ba shi ɗaki mai fanka, na rage masa gishiri, safe da yamma ina ɗaura masa abin awon jini a dantse. Tantinsa kuwa, wani tsohon tamfol mai warin hayaƙi da ya nace sai an zo da shi, na cusa shi can saman kwaba. Me kuma ake so 'ya ta yi?

Sai Baba ya daina cin abinci. Ba rigima, ba faɗa, zai ɗan taɓa ya ture kwanon. Wandunansa suka fara zamewa, ya ƙara wa bel huda da ƙusa a ɓoye, yana zaton ban gani ba. Na kai shi asibitinmu aka yi duk gwajin da ake yi, likita ya ce ba a ga komai ba. Ni kuwa ina gani, ubana yana narkewa a gabana, abin yana cin raina.

Wuni yake a baranda yana kallon titi.

“Barkono,” in ji shi wata rana, “garin nan naku ba shi da safiya. Da ka buɗe ido sai hon ɗin motoci da ƙarar janareta. A daji sai tsuntsun farko ya yi, na biyu ya amsa masa, kana kwance kana jin raɓa na ɗiga a kan tamfol, sannan gari ya waye a hankali kamar mai kunya. A kai ni gandu mana, ko kwana biyu ne in yi.”

“Baba, da wannan gwiwar? In jininka ya hau a can, biri ne zai kai ka asibiti?”

“Birai sun fi direbobin titin nan hankali.”

“Ba inda za ka, wallahi.”

Maigidana yana gefe yana kurɓar shayi. Shi irin mutanen nan ne da ko gobara ake yi sai sun ga ƙarshen kofinsu. Ya ce, “Da kin bar shi ya je. Ni a ganina ma ke ya kamata a riƙa ɗaura wa abin awon nan.” Na juya na yi masa kallo ɗaya, ya mayar da hancinsa cikin kofi.

Abu ɗaya Baba yake gaisarwa a unguwar, wani maɗaci da ke ƙofar beninmu, tsakanin shagon mai aski da rumfar mai facin taya. Itacen ya sha wuya, an kafa masa ƙusoshi, an manna masa tallar makarantu, tsofaffin tayoyi jingine a jikinsa. Amma reshensa ɗaya ya miƙo har kusa da barandarmu, kullum Baba sai ya tsinki ganye ya murza ya shinshina.

Ran nan ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, sai na ji murya irin wadda rabona da ita tun ina 'yar firamare.

“Barkono! Zo ki ga abin da suka yi!”

Na leƙa ta baranda. Jan fenti ne ɗanye shar a jikin maɗacin, an gitta shi daidai ƙirjin mutum. Duk wanda ke titin nan yana wucewa abinsa ko a jikinsa, amma ni da Baba mun san abin da jan fenti yake nufi a jikin itace.

“Za su sare shi,” na ce.

Baba ya juya ya shige ɗaki. Na bar shi yana neman takalminsa.

Da yamma na dawo a gajiye, na sauko daga mota, sai na ja na tsaya. Tanti! Tantin nan mai warin hayaƙi, an kafe shi tsaf a gindin maɗaci, igiya ɗaya ɗaure da ƙarfen shagon mai aski, ɗaya da tsohuwar taya. Ga Baba a bakinsa kan ɗan gadonsa mai naɗewa, ya kunna risho, buta tana tafasa.

“Inna lillahi! Baba, mene ne haka? A bakin titi? So kake a ce na kore ka?”

“Gadi nake,” ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. “Duk wanda zai sa zarto a itacen nan sai ya fara ta kaina.”

“Wa ya sauko maka da tantin?”

Mai aski ya noƙe cikin shagonsa. Daga sama na hango labulen barandarmu ya motsa, maigidana ya ja da baya. To, na gane, taron dangi aka yi mini.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo maganar sauro, na kawo ta ɓarayi. Baba ya yi kunnen uwar shegu da ni. Da na rasa yadda zan yi, na hau na sauko masa da gidan sauro da bargo da maganinsa, ina ajiyewa ina mita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne washegari da na sauko da abin awo, a shirye nake in ga jini ya yi sama in samu hujjar tattara shi. Na ɗaura, na duba. Na ce injin ya lalace. Na sake ɗaurawa. Lafiya lau, tun zuwansa gidana ban taɓa ganin awo mai kyau irin wannan ba. Ga kwanon da na aiko masa jiya a gefe, an suɗe shi tas.

“Ƙara min burodi gobe,” ya ce. “Mai faci yana taya ni ci.”

Kafin mako ya zagayo, gindin maɗaci ya koma majalisa. Masu jiran aski suka daina zama a shago, suna fitowa da tawul a wuya su ji labarin ranar da giwa ta zauna a kan tukunyar su Baba. Ya koya wa mai faci ɗaurin igiyar da iska ba ta kwance shi. Ya cire ƙusoshin jikin itacen ɗaya bayan ɗaya da filaya, yana ba shi haƙuri kamar mai cire wa yaro ƙaya. Har tsuntsaye ya samo mana, wai akwai iri uku a saman, mu da muka yi shekara da shekaru a gidan ba mu taɓa jin ko ɗaya ba.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tsoho mai hawan jini a bakin titi, kuma in masu zarto suka zo da gaske fa? Na san Baba, zai rungume itacen ne, ni kuma a kira ni daga wurin aiki. Na ce bari in kashe maganar daga tushe. Ranar hutuna na shiga ofis-ofis ina tambayar wanda ya ba da izinin sare maɗacin ƙofar gidanmu. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce mai kula da abin ya fita. Na yi wa wani bawan Allah tatas a kan teburinsa, daga baya na gane shi ma jira ya zo yi.

A hanyar dawowa ne na ci karo da su a layin bayanmu, mutum biyu da rigunan aiki, ɗaya riƙe da gwangwanin jan fenti yana gitta shi a jikin katangar wani gida. Na yi kansu.

“Ku ne masu sare itatuwan mutane?”

Mai gwangwanin ya dube ni sama da ƙasa. “Wane itace, baiwar Allah? Mu ma'aikatan ruwa ne. Inda makunnin bututu yake a ƙasa muke sa wa alama, don masu gyara su gane wurin. In katanga ce kusa mu shafa mata, in itace ne mu shafa masa. Ba abin da za a taɓa.”

Kai, na ji kunya, na kuma ji daɗi. Na taho da saurina, a raina ina cewa yau tanti zai koma saman kwaba.

Da na shawo kwana sai na hango shi. Yana tsaye, ba sanda, yana kwaikwayon tafiyar gwanki, mai aski ya riƙe ciki don dariya. Kumatunsa sun fara dawowa. Na tsaya a bayan wata mota ina kallo. Na lallaɓa na hau sama na faɗa wa maigidana.

“To ki yi shiru mana,” ya ce. “Wa ya tambaye ki?”

Shiru? Ni? Na gwada, Allah ya sani. Na kwana da maganar tana yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Da sassafe na sauko da maganinsa, titi bai gama tashi ba, shagunan duk a rufe. Ya matsa mini a bakin gadon, ya zuba mini shayi a murfin buta.

“Baba,” na ce, “ba za a sare itacen nan ba. Fentin na masu ruwa ne.”

Ya hura shayinsa. “Na sani.”

“Ka san me?”

“Ban san na masu ruwa ne ba. Amma tun ranar farko da na sauko na san ba na sara ba ne.” Ya nuna da haɓa. “Duba gindin.”

Na tsuguna. Saiwa, ƙasa, murfin kwalba. Babu ko ɗigon ja.

“Wa yake yanke wa itace hukunci da alama ɗaya?” ya ce. “Ke ce fa mai na ƙasan, Barkono. Na zaci da kin sauko nan za ki fara dubawa. Kullum sai kin wuce ta wurin, ba ki taɓa sunkuyawa ba.”

Na buɗe baki zan yi faɗa, don an mayar da ni abin dariya, na zaga ofisoshi, na zage mutumin da bai ji ba bai gani ba. Faɗan ya ƙi fitowa.

“To me ya sa, Baba?”

“Na roƙe ki daji kin hana. Da na ga fentin sai na ce to, ko gindin itace ɗaya ne a sam mini.” Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. “Kin kula da ni, 'yata, ban ce ba ki kula ba. Ɗakin nan naki dai, in na kwanta, sai in ji kamar an riga an rufe ni.”

Nan na zauna daɓas a ƙasa, cikin farin kayan aikina, na yi kuka sosai. Tsoro ne ya sa na kulle shi, tsoron kada in rasa shi kamar yadda na rasa uwata, kuma kullewar ce take neman kashe shi. Na faɗa masa haka. Ya ce in sha shayina kafin ya huce.

Na ɗauki hutu a ƙarshen makon don mu kai shi gandu, da sharuɗɗa: magani a kan lokaci, ba hawan dutse, abin awo yana cikin jaka. Ya amsa duka da sauri irin na wanda ba ya da niyyar cikawa. Da muke naɗe tantin, mai aski ya fito hankali a tashe yana tambayar wa zai yi gadin itacen. Baba ya damƙa masa filayar, ya ce ya riƙe amana. Maigidana ya biyo mu da kofinsa, yana tambaya ko akwai sabis ɗin waya a can.

Babu sabis. Akwai dai wani fili a bakin rafi, itatuwa sun rufe sama, ƙasa ta yi laushi da busasshen ganye. Baba ya kafa tanti yana ba mu umarni kamar sababbin ma'aikata. Na kwanta da niyyar tashi da wuri in ba shi magani.

Da na buɗe ido, rana ta riga ta hau, haske yana ratsowa ta hudojin tamfol, wani tsuntsu yana yi wani yana amsa masa. Rabona da barci irin wannan har na manta. Na rarrafo waje a firgice ina laluben jaka. Baba yana zaune bakin wuta, ya riga ya sha maganinsa, ga abin awon a cinyarsa ya warware shi tsaf.

“Zauna,” ya ce. “Miƙo hannun, Barkono.”

Na zauna na miƙa masa.