Bishiyar Orville da Na'urar Gari

Ga ta nan ga ta nanku, jikokina.

Ta taho mu saurara.

A wani ƙaramin gari a jihar Vermont ta Amurka akwai tsoho mai suna Orville Thibodeau, yana da bishiyar mafil a ƙofar gida. Marigayiya matarsa ce ta dasa ta, duk shekara kuma yana tatsar ruwan bishiyar ya dafa ya yi zaƙi. Kwatsam hukumar gari ta ce za a faɗaɗa titi, bishiya za ta sha gatari.

To, mutanen garin sun gaji da taron shekara, inda ake zama kan kujerun ƙarfe ana musu har kofi ya huce. Sai suka sayo na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ka buga waya ka faɗi ra'ayinka, ita ta tattara ta gaya wa hukuma abin da gari ke so.

Orville ya buga. Na'ura ta saurare shi har ƙarshe, abin da ko 'yarsa ba ta yi. Shi ke nan ya samu abokiyar hira, safe da yamma yana kan waya.

Da sakamako ya fito, shugabar hukuma, Marlys Hendrickson, ta sa tabarau ta karanta a rediyo: "Gari bai yarda a sare bishiya ba. Kuma gari yana fama da ciwon gwiwar hagu."

Ranar taro zaure ya cika maƙil, har da masu tsayuwa.

Marlys ta ce, "Orville, ya gwiwar gari?"

"Da sauƙi, Marlys, tunda aka fara rana."

Wani direban motar madara, mai son a faɗaɗa titin, ya ce, "Tsoho, kai kaɗai ka zama mu duka?"

"Ku wa ya hana ku bugawa? Ita dai ba ta taɓa ce mini tana sauri ba."

Aka yi dariya, aka yi musu, kofi ya huce. Daga ƙarshe aka koma yadda aka saba, mai goyon baya ya miƙe tsaye. Masu rinjaye suka ce a faɗaɗa titi, amma ta ɗaya gefen, inda kuwa shingen gidan Marlys yake.

Bishiya tana nan. Marlys ta rasa shinge, ta sake cin zaɓe. Direba ya samu titinsa. Na'ura aka mayar da ita sanar da ranar kwashe shara, Orville kuwa har yau yana kiranta.