Gayya a Gonar Malam Bahago

Ganga tana tsakiyar tashi, garemani suna walƙiya a rana, saura kunyoyi kamar goma a gama gonar, sai Sabo ya ɗaga kai ya hango jaki yana tahowa daga wajen Ƙofar Kibo. Yari mai jakin yana tafe yana tallabe da wanda ke bisa kada ya faɗo. Da suka matso sai Sabo ya gane shi. Malam Bahago ne, maƙwabcinsa, mai gonar, wanda wata uku ke nan ko masallaci ba ya iya zuwa saboda tari da kumburin ƙafa.

Sabo ne ya kira gayyar. Ya ga damina ta faɗi, tsohon yana kwance, ba shi da kowa sai matarsa Batulu. Ya bi unguwa gida gida, har Gyallesu ya aika, maza ashirin da bakwai suka amsa. Mai gona ne kaɗai bai gaya wa ba, so yake sai an gama ya kai masa albishir.

"Malam, me ya fito da kai? Ai da ka jira mu."

Bahago ya bi gonar da kallo tun daga gindin ganuwa har ƙasa, bakin kwazazzabo. Kunyoyi sun miƙe santal, kowace ta bi gangare, gwanin sha'awa.

"Sabo, wa ya ce ku miƙar mini da su?"

"Gyara muka yi maka. Naka na bara duk a gicciye suke. Na ce ido ne ya soma gajiya."

"Ido? Kai ne dai makaho, ga idanu tulu tulu kamar na mujiya!"

To, ga yadda abin yake. Shekara biyar baya, wurin nan ba gona ba ce, tsandauri ne. Ruwan da ke zubowa daga ganuwa ya kwashe ƙasar ya bar marmara. Bahago tsohon falke ne, ya ga yadda mutanen duwatsun Kagoro suke tare ƙasa a kan gangare. Sai ya kama jidar duwatsu yana jerawa a bakin kwazazzabo, ya dasa gamba, ya zuba taki, yana yin kunyoyinsa a gicciye don ruwa ya zauna ya shiga ƙasa. Masu wucewa su ce Bahago har nomansa na hagu ne. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi ma da taurin kansa bai faɗa ba. A birni kuwa tun kakanni bin gangare ake yi, kada ruwa ya kwanta a gona.

Tari ya sarƙe Bahago, sai da ya lafa ya ce, "Ruwa ɗaya mai ƙarfi, ƙasar da na tara shekara biyar za ta bi hanyoyin nan da kuka share mata ta tafi rafi. In na tafi, Batulu marmara za ta ci?"

Kamar kiran ruwan ya yi, gabas ta haɗe baƙi ƙirin.

Sabo ya cire hula ya juya wajen mutane. "Jama'a, ni na ɓata. Ku rufa mini asiri."

Idi na Gyallesu ya jefar da garma. "Mu rushe aikin wuni guda? Ko Baturen gona na Samaru ne ya ce, ba na yi. Ga fura ma ta iso."

"Ba rushewa za ku yi ba, ragon banza," in ji Bahago. "Datsewa za ku yi. Kowane taku biyar a toshe kwari. Kowane taku ashirin a ja babbar kunya ta ratsa gonar daga gefe zuwa gefe. Ni zan nuna wurin."

Nasidi makaɗi ya gyara rataya ya sauya kiɗa. "Idi na Gyallesu! An ce ƙugu ya mutu, ciki ne ya rage!"

Aka tuntsire da dariya. Idi ya zagi makaɗin, ya suri garma.

Wanda bai ga aikin nan ba bai ga gayya ba. Yari yana jan jaki a tsakiyar gona, tsohon yana nuni da sanda, "Nan! A'a, sama kaɗan! Sabo, gini kake yi ko kwalliya?" Ƙasa tana tashi, iska tana kwashe huluna, ba mai tsayawa ɗauka. Ana jan babbar kunya ta ƙarshe, ɗigon farko ya faɗo. Yari ya kora jakin da gudu ya shigar da tsohon cikin zauren Ƙofar Kibo.

Ruwa ya kece. Sabo yana tsaye a jiƙe yana kallon ruwan ganuwa ya gangaro ja wur, ya bugi datsin farko, ya taru, ya kumbura. Wuri ɗaya ya ɓalle. Idi ya faɗa ciki har gwiwa yana ihu, mutum shida suka rufa masa baya da garemani. Aka toshe. Gonar ta cika da ƙananan tafkuna, ɗaya bisa ɗaya, ba datsin da ya sake ɓallewa.

Sabo ya sheƙa da gudu, yana santsi yana tashi, har zauren ƙofa.

"Malam! Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

"Ruwan da ke tsiyaya ta cikin duwatsu a ƙasa, ja ne ko fari?"

Sabo ya koma a guje ya duba, ya dawo yana haki. "Fari garau!"

"To, ƙasar tana nan." Ya lumshe ido yana murmushi. "Ku ba Idi furata."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi ran Malam Bahago. Batulu ta ce da safe har kunu ya nema, ya sha ludayi uku, yana ta yi wa Sabo tsiya. Kafin azahar an kai shi makwanci. Bayan sadakar uku Sabo ya shuka mata dawa.

Daga nan ruwa ya ɗauke, kwana goma sha tara ko yayyafi babu. Gonakin cikin ganuwa suka tsage, shuka ta murɗe, har ta Sabo. Wata la'asar ya biya ta gonar Batulu. Dawa ta kai taƙi guda, koriya shar. Ya tsuguna a bayan wani datsi, ya tona da hannu. Ƙasar ta manne masa a yatsu, da sanyinta.