Tarwaɗar Rijiyar Ilu

Ilu ya ɗage faifan da ke bakin randa, ya watsa gara kaɗan a kan ruwan, ya tsuguna. Tarwaɗar ba ta taso ba. Tana kwance a gindin randar, gashin bakinta ɗaya a gutsure, idonta na hagu ya yi fari. Garar ta yi ta zagaye a saman ruwa har ta daina motsi.

"Ba ta ci ba?" in ji matarsa Larai daga bakin madafa.

"Za ta ci."

"Haka ka ce jiya, Malam."

Tarwaɗa biyu ne a rijiyar gidan Ilu da ke Kurfi. Mahaifinsa ne ya jefa su suna ƙanana, kamar yadda masu rijiya kan yi: su cinye ƙwari da tsutsa, kuma muddin suna motsi an san ruwa lafiya yake. Sun ga rasuwar tsohon, sun ga rabon gado. A bazarar 1963, ranar Litinin da safe, wata maƙwabciya ta leƙa za ta jefa guga, ta hango ɗaya a saman ruwa, ciki sama. Kafin hantsi unguwa ta daina zuwa ɗiban ruwa.

Mai unguwa Tukur ya zo ya yanke magana a tsaye. A fito da ta biyun, a ajiye ta a randa cikin ruwan rijiyar, inda ido zai gan ta. Idan ta kai Juma'a da rai, a ci gaba da sha. Idan ta mutu, a cike rijiyar da ƙasa. Yau Alhamis.

Ilu bai ambaci sunan kowa ba, amma yana da suna a ransa. Da aka raba gida rijiya ta faɗo a rabonsa. Ƙaninsa Alu ya ja katanga, ya buɗe ƙofarsa ta gabas, iyalinsa suka koma tonon yashi a rafi. Tun daga nan gaisuwarsu ta tsaya a ƙofar masallaci. Kuma an ce an ga Alu ya dawo daga Dutsin-Ma da gwangwani ɗaure a bayan keke, irin na maganin ƙwarin auduga da aka fara kawowa. Ilu bai ga gwangwanin da idonsa ba. Abin da ya gani shi ne katangar ba ta wuce ƙirjin mutum ba daidai wajen rijiya. Ya bi gindinta yana duba sawu. Sawun kaji ya samu, da na Larai, kuma na Larai ma sai da ya tsaya a kansa.

Bai je gyaran gona ba. Inuwar darbejiya na gusawa, yana jan randar yana bin ta. Yakan taɓa cikin randar da bayan hannu ya ji ko ta ɗumama, ya yayyafa mata ruwa ta waje, ya mayar da faifai ya danne da dutse saboda kyanwa.

Bayan azahar aka yi sallama a zaure. Larai ta dubi mijinta. Alu ne ya shigo, da sakaina a hannu.

"Yaya, an ce ina da gwangwani."

"Ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba. Kurfi ce ta ce, kuma Kurfi ba ta mafarki ita kaɗai." Ya miƙo sakainar. Tsutsar tana ce a ciki, cikin ɗanyar ƙasa. "Baba tana yake ba su. Gara abincin kaza ne."

"Ajiye can."

"Kana tsoron tanar ma?"

"Na ce ajiye can."

Alu ya ajiye. Ya matso ya leƙa randar, ya daɗe yana kallo.

"Ta tsufa ƙwarai. Na tuna ranar da ya kawo su cikin ƙwarya, ba su kai ɗan yatsa ba." Sai ya sa tafin hannu ya ɗebo ruwan, ya ɗaga shi ga haske. Ilu ya kama masa wuyan hannu, amma ya riga ya gani. "Wannan ruwan rafi ne. Ruwan rijiyarmu ba shi da wannan ja-ja. Ni zan gaya maka, shi nake sha kullum."

Ilu ya ji "rijiyarmu", ya adana ta. Larai ta sunkuyar da kai. Ita ke zuwa rafi da sassafe da tulu biyu, ɗaya na gida, ɗaya na randa.

"Mai unguwa cewa ya yi ruwan rijiya," in ji Alu.

"Ba zan sa ta cikin abin da ya kashe 'yar'uwarta ba."

"To gobe me za ta shaida? Cewa rafi lafiya yake? Ka bar mutane su sha a kan shaidar da ka san ba shaida ba ce?"

Ilu ya sake masa hannu. Lissafi yake yi. Daga nan zuwa gidan mai unguwa ba nisa. Idan Alu ya kai wannan magana, ba za a jira Juma'a ba, kafin magariba za a zo da kwandunan ƙasa. Ya ce a ransa abin da ya kawo shi ke nan, tanar hanyar shigowa ce kawai.

Alu bai nufi zaure ba. Rijiya ya nufa. Ya warware igiya daga jikin gungume, ya jefa guga, ya jawo a hankali kamar mai tuna nauyinsa. Ya yi bisimilla, ya kafa kai, ya sha har ruwa na bin gemunsa. Ya numfasa, ya ƙara.

"Subhanallahi," in ji Larai a hankali.

"Tsufa ne ya kashe ta, Yaya," in ji Alu, yana goge baki da hannun riga. "Tsufa da zafin bana. Ruwa ya ja baya."

Ilu ya dubi leɓɓansa, ya dubi farin idonsa. Ya san akwai makari. Wanda ya san abin da ya zuba, ya san abin da zai haɗiya kafin ya fito daga gida. Ya kuma san Alu tun yana yaro ba ya iya shan ko jiƙon sabara ba tare da ya ɓata fuska ba. Ya auna wannan, ya auna wancan, ba wanda ya rinjayi wani.

"Larai, kawo tabarma."

Ta shimfiɗa a inuwa, kusa da randa.

"Zauna," in ji Ilu.

"Har yaushe?"

"Har in gani."

Alu ya yi 'yar dariya, ya cire takalmi. "In na faɗi a cike rijiya. In ban faɗi ba ka ce na sha makari. Larai, ko da fura a gidan nan? Tunda an mai da ni tarwaɗa, a ciyar da ni."

Ilu ya ɗauki ƙwarya ya kwashe ruwan randar har ya rage abin da zai rufe bayan kifin. Ya ɗauko gugan da Alu ya sha, ya tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci. Sannan ya karkata shi a jikin randar, ya bar ruwan ya gangara a hankali don kada ya buge ta. Tarwaɗar ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ta koma ta kwanta.

Ya ja turmi ya kifa, ya zauna tsakani, inda zai iya ganinsu duka biyu ba sai ya juya wuya ba.