Muryar Direba a Gaban Kwamiti

In mutum ya rasu, hoto na riƙe kamanninsa, amma murya ita ce ke fara guduwa. Wata safiya Goggo Tela ta farka ta kasa tuno yadda maigidanta marigayi yake kiranta. Abin ya ci mata rai, ranar ko keken ɗinki ba ta hau ba.

Marigayin direban motar asibiti ne, mutumin da ko saƙon murya bai taɓa turawa a waya ba, wai shi ba mawaƙi ba ne. Amma 'yan majalisa sun taɓa kiransa gaban kwamiti, ya ba da shaida kan motocin da ke mutuwa a hanya da majinyata a ciki. Da Goggo ta ji a rediyo cewa yanzu doka ta ba kowa damar ganin takardun kwamiti da sauraron zaman da aka naɗa, sai ta zari jakarta ta nufi majalisa.

Kai, mutanen ofis! Yau makulli na hannun wane, gobe wane ya tafi taro. Ta yi zarya har masu gadi suka daina tambayarta ina za ta. Daga ƙarshe aka miƙo mata takardu, rabin layukan an shafe da baƙar tawada.

"Mama, ko dai 'yar jarida ce ke?" in ji wata ma'aikaciyar ɗakin karatun majalisar, tana dariya.

"'Yata, ni ko karatun kirki ban iya ba. Muryar mijina nake so in ji."

Dariyar ta ɗauke. Ma'aikaciyar ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta sa mata abin sauraro a kunne.

Shugaban kwamiti ya yi ta zuba kamar an manta famfo a buɗe. Can sai ya ce a shigo da direba. Aka ja kujera. Goggo ta damƙe gefen tebur. Mutum ya matso makirufo, ya yi gyaran murya sau biyu, irin wanda yake yi in zai nemi alfarma. Shi ne, wallahi shi ne!

"Daga nan zaman sirri ne," in ji shugaba. "A kashe na'ura."

Ɗif, shiru.

"Mama, yi haƙuri," in ji ma'aikaciyar a hankali. "Sauran sai bayan shekara talatin ake buɗewa."

Goggo ta san ba ta da shekara talatin a gabanta. Ta share ido da bayan hannu, ta gyara abin sauraron.

"Mayar min baya kaɗan, 'yata. Wurin da ya yi gyaran murya."