Jitar da Ta Tsayar da Motar Kalilu

Kalilu direba ne, yana jigila tsakanin Sabon Birni da Isa a wata tsohuwar bas. Wata Asabar ɗan'uwansa Marwan, malamin makaranta, ya ba shi memori cike da kiɗan wani makaɗin jita na ƙasar waje.

"Jaz aka ce mai," in ji Marwan. "Ka hwara da na ukku, shi ad da sanyi. Kak ka taɓa na bakwai sai kunnenka ya saba."

Kalilu ba ya son a raina masa kunne. Yana fita tasha da fasinja cike, ya danna na bakwai.

Da fari ganga ce kawai, sai jita ta shigo tana 'yan tsalle-tsalle. Kalilu ya gyara zama yana jiran mawaƙi ya buɗe baki. Minti biyar, shiru. Minti takwas, shiru.

"Halama mutumen bai iso ba tukuna," ya faɗa a ransa.

Can jitar ta ja wani kuka siriri, ta sarƙe, ta koma gurnani. Hajiya Tasalla, mai sayar da daddawa da ke zaune bayansa, ta dafa kafaɗarsa.

"Ɗan nan, tsaya! Injinka na mutuwa!"

"Hajiya, kiɗi na."

"Kiɗi? Shekara talatin ina shiga mota, na san kukan bel ɗin inji in na ji shi."

Sauran fasinja suka goyi bayanta. Dole ya tsaya gefen hanya. Wani dattijo mai suna Is'haƙa, wanda ya ce ya taɓa gyaran injin ban-ruwa, ya sauka ya leƙa ƙarƙashin motar. Daidai nan jitar ta sake ƙwalla ƙara.

"Na gane ta," ya ce daga ƙasa. "Mai na ba ya hawa."

Kalilu ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Tsit.

"Alhamdu lillahi, ta gyaru!" in ji Hajiya, aka yi ta sa wa Is'haƙa albarka. Dattijon kuwa bai musa ba.

Kunya ta hana Kalilu ƙara kunna shi da fasinja. Amma in yana komowa ba kowa, yakan saurara a hankali, har ya fara gane inda ganga ke tambaya jita ke amsawa. Cikin wata guda ya iya bin kiɗan da baki.

Ranar kasuwar Isa Hajiya Tasalla ta tare shi. Ashe jikarta ta fahimtar da ita gaskiyar lamari.

"Wanga abin naka, za ni so a sa min shi ga waya."

Kalilu ya washe baki. "Hajiya, ke ma ya shige ki?"

"Wa? Tsuntsaye sun dami gerona can gonata ta Turba. In sun ji wanga, ko Nijar ba su tsayawa."

Ya tura mata, ya murtuke fuska ya ja motarsa.