Maganin Duna

"Ba haka ba, Rauda. Tura ƙwayar can cikin hantar, in ya ji ɗacinta tofarwa zai yi."

Mai Keke Napep yana ta danna oda a ƙofar gida, Mama Victoria kuwa ta ƙi tashi daga kujera sai ta ga na iya. Ranar za a kwantar da ita a asibitin Shika. Ƙodarta ta gaza, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Amma ba ta kanta take ba, ta Duna take, tsohon baƙin karen da mijinta ya rasu ya bar mata.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Tudun Wada. Tsohuwar nas ce, a hannunta na haifi 'ya'yana duka. Sai dai duk zaman da muka yi ban taɓa yarda karen nan ya matso kusa da zanena ba. In zan shiga, daga waje nake sallama har ta ɗaure shi.

"Wannan babbar ta ƙarfafa zuciya ce, kafin ya ci abinci," in ji ta. "Ƙaramar ita ke janye ruwan da ke taruwa a huhunsa. Zai yi ta fitsari, don haka kada kwanon ruwansa ya bushe. Ban da gishiri, ban da magi. In yana barci ki dubi haƙarƙarinsa. Kika ga yana haki, ki kira likitan dabbobin nan na Samaru."

"Mama, zai warke kuwa?"

"Ba a warkewa, 'yata. Sauƙi dai ake sama masa."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ba ta waiwayi karen ba, sai da Keke ya tashi na ga tana share ido da bakin gyale.

Da na faɗa wa maigidana, Malam Kailani, cewa ni zan kula da Duna, sai ya ce:

"Kare dai, Rauda?"

"Ba ta da kowa kusa, Malam. Ɗanta Evans yana Fatakwal."

"To kin riga kin karɓa. Ki dai kula da tufafin sallarki."

Na ware tsohon zane don shiga gidanta. Da farko daga nesa nake jefa masa hantar, ya shinshina ya kau da kai. Tarinsa ya ƙaru, busasshe, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, cikinsa ya fara tasowa. Na kira likita. Ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya ƙara yawan ƙaramar ƙwayar, sannan ya ce, "Hajiya, in bai sha ba, ruwan nan zai shaƙe shi. A hannu aka saba ba shi."

Washegari na tsuguna, na miƙa masa hantar a tafin hannuna. Ya ɗauka a hankali, ko haƙorinsa ban ji ba.

Duk zuwan da na yi Shika, tambayarta ta farko ɗaya ce. Zuwan ƙarshe muryarta ta dushe, sai da na kai kunnena bakinta.

"Yana tari?"

"Ya ragu, Mama. Jiya har ya yi wa mai kwashe shara haushi."

Ta yi murmushi idonta a rufe. "Ja'iri," ta ce. Ta riƙe yatsuna har barci ya ɗauke ta.

Da hantsin Laraba ina tankaɗe Evans ya buga waya. Ya ce ya iso ya same ta da rai, a gabansa ta cika. Na ajiye rariyar na yi ta kuka, har maƙwabta suka shigo. Aka binne ta a Wusasa kusa da mijinta. Matan layinmu da dama mun je, muka tsaya a baya muna jin waƙoƙin da take rerawa in tana shara.

Bayan an watse Evans ya shigo zaurenmu, ya durƙusa ya gaida Malam.

"Baba, zan kulle gidan in koma aiki. Duna ba zai jure tafiyar mota ba, ba ni kuma da inda zan sa shi. Na tambayi likita a kan allurar da za ta sa ya huta gaba ɗaya."

Ina bayan ƙofa ina jin su.

"Me likitan ya ce?" in ji Malam.

"Ya ce bai kai nan ba tukuna. Yana ci, yana barci. In ana ba shi magani a kan lokaci zai iya ƙara watanni."

"To mene ne na gaggawa? Bar mana makullin."

Evans ya sunkuyar da kai, yana kuka. Malam ya dafa shi har ya yi shiru.

Haka muka ci gaba, safe da yamma. Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da ni, ban farka ba sai da rana ta ɗaga. Na zabura na ɗauki zanen, na tarar ƙofar gidan Mama a buɗe. An cika kwanon ruwa, an ba da maganin. Malam yana zaune a bakin baranda, ya tattare rigarsa a cinya, carbi a hannunsa. Duna yana kwance can gefe a inuwar gwanda. Malam ya ɗaga mini hannu kada in yi motsi, idonsa a kan haƙarƙarin karen da ke ɗagawa yana sauka a hankali.